Kafin ka manna sitika a jikin akwatin sifika

Yawancin akwatunan sifika da ake kawo min gyara, muryarsu garau take. Abin da ya dami masu su shi ne sitikar da aka lulluɓe akwatin da ita: ta ɗago daga kusurwa, ko ta yi ƙuraje, ko ta ja baya ta bar katako a fili. Da an sauke kaya sai ka ji, "Oga, jabu aka sayar min." Wani lokacin da gaskiyarsa. Amma galibi idan na ɓare na duba, matsalar tana jikin katakon ne tun kafin sitika ta hau.

Mafi yawanmu da MDF muke haɗa akwati, mai kaurin milimita 18, saboda yana da nauyi kuma bai cika yin amo ba idan bes ya buga. Garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse. Fuskarsa sumul, amma duk inda zarto ya bi, bakin yana shan ruwa kamar soso. Gam ɗin bayan sitika kuwa an yi shi ne don jikin mota da gilashi da ƙarfe, wuraren da ba su da ƙofofi. A kan ɗanyen MDF, garin da ke sama kawai yake kamawa. Ranar farko zai yi kyau, mai kaya ya biya ya tafi, bayan 'yan makonni ya dawo fuska a murtuke.

Don haka rabin aikin a sila yake, wato ruwan da ake shafa wa katako don toshe ƙofofinsa. A shafa sau biyu ko uku, a ƙara wa bakunan da aka yanka, a bari kowace shafa ta bushe, a bi da samfefa mai lamba 220, a ƙarasa da 320. Kan ƙusa da sukuru a nutsar da su ciki a cike ramin. Ni filar masu gyaran jikin mota nake amfani da ita, domin filar katako takan shanye ta lotsa, sai zoben ƙusar ya bayyana daga baya. Wanda ya fi son fentin mai a maimakon sila, ya haƙura ya ba shi kwanaki. Fenti yana iya bushewa a hannu alhali tina na ci gaba da fita daga cikinsa, kuma wannan tururin ne ke taruwa ƙarƙashin sitika ya zama ƙuraje.

Kada kowa ya sa ran sitika za ta rufa wa mummunan aiki asiri. Kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Rufe idonka ka shafa akwatin da tafin hannu. Duk abin da hannunka ya ji, ido zai gan shi bayan an manna. Baƙa mai ƙyalli, wadda samari suka fi nema, ita ta fi kowace tona asiri. Marar ƙyalli ko mai zanen saƙa ta fi yafiya.

Ita kanta sitikar iri biyu ce a wajen ƙira. Akwai wadda ake murza robar PVC tsakanin manyan ƙarafa masu zafi har ta yi faɗi, irin Oracal 651 da masu rubuta allon talla ke yanka haruffa da ita. Tana da araha, tana zama lafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, amma da miƙewa aka haife ta, don haka duk lokacin da ta sha zafi sai ta nemi komawa yadda take. Akwai kuma wadda ake zubawa tana ruwa a gasa ta, irin 3M 2080 da Avery Dennison SW900 da ake naɗe motoci da su, masu faɗin mita 1.52. Wannan tana bin lanƙwasa ba gardama. Kamfanin 3M yana da wata mai kauri da ake kira Di-Noc, wadda aka yi musamman don bango da kayan katako. Abin da ya fi yawa a kasuwa dai ba shi da suna a bayansa. Idan irinsa ka samu, yanki ɗan ƙyalle, ka manna a guntun katakon da ka shafa wa sila, ka lanƙwasa shi a baki, ka ajiye a rana kwana biyu. Idan ya ja ko ya ɗago, ka san abin da ka saya kafin ka ɓata akwati.

Sai ƙura. Kada ka manna a inda kake yanka da gogewa, balle lokacin hunturu. Share ɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa, goge akwatin da sifirit a tsumma mai tsabta. Fetur da kananzir suna barin maiƙo, haka ma man goge kujeru. Da safe ya fi, kafin shago ya ɗau zafi gam ya riƙa kamawa tun ba ka daidaita ba.

Cire sifika da hannaye da wurin jona waya. Ni nakan zagaye gefe huɗu da ƙyalle guda, mahaɗar ta faɗa ƙasan akwatin, sannan gaba da baya kowanne da nasa. Daga tsakiya ake shafawa zuwa baki, da roba mai faɗi da aka naɗe bakinta da ƙyalle. Baki mai kaifi yana yanka sitika, shi ya sa nake ɗan zagaye shi tun wajen haɗa akwati. A kusurwa, inda fuska uku suka haɗu, yara kan hura zafi su ja iya ƙarfinsu har launi ya koɗe. Nakan ce wa nawa, "Kai, a hankali, ba fatar ganga kake ja ba." Gara a tsaga, a ɗora wani kan wani, a rufe da ƙarfen kusurwa. A ramin sifika a bar kamar inci guda a lanƙwasa ciki, bakin sifikar ya danne shi. Ramin fitar iska kuma a gyara bakinsa tsaf, domin ɗan leɓen da ya rage zai riƙa karkarwa duk lokacin da bes ya sauka.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Duk inda aka ja sitikar mota, sai an sake bin wurin da na'urar hura zafi har ya kai wajen digiri 90, sannan za ta saki jiki ta zauna a sabuwar siffarta. Da na'ura, ba da laita ko kyandir ba. Robar PVC idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona maƙogwaro da ido, don haka ragowar ma kada a cinna mata wuta a bakin shago.

Akwai kuma aikin da nake ƙin karɓa da sitika gaba ɗaya. Akwatin DJ da za a riƙa jefawa a bayan a-kori-kura daga wannan biki zuwa wancan, ya wuni a ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40, sitika ba za ta kai shi ko'ina ba. Wannan kafet yake so, ko fenti mai kaushi, ko Tolex, wato ledar nan mai yadi a baya da kamfanin Fender ya fara lulluɓe amfilifayarsa da ita wajen 1960. Ita gam ake shafa mata a jikinta da jikin katako, a jira ya sha iska, sannan a haɗa. Sitika ta akwatin falo ce, da situdiyo, da shagon da ba a motsa kaya. Shi ya sa kafin mu yi maganar launi ko farashi, tambayar da nake fara yi wa mai kaya ita ce, "Alhaji, a ina akwatin zai zauna?"