Sirrin Majinyaci Amana Ce

'Ya'yana masu karatun likita da aikin jinya, ku ba ni aron hankalinku.

Mutum yakan zauna gaban likita ya faɗi abin da ya ɓoye wa matarsa, har ma da uwar da ta haife shi. Ciwo ne ya buɗe masa baki, tare da yardar cewa maganar ba za ta fita ba. A da, sirrin nan yana cikin fayil a kabad. Yau yana cikin kwamfuta da waya, inda yatsa ɗaya ya isa ya kai shi duniya.

An yi wata likitar ƙwaƙwalwa a Ingila, Fiona Caldicott, wadda ta ba da rayuwarta ga wannan lamari. An haife ta a 1941, kuma ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasarsu. Wanda ya daɗe yana duba masu taɓin hankali ya san yadda kalma ɗaya ke kashe aure ko ta raba mutum da aikinsa. A 1997 kwamitin da ta jagoranta ya fitar da ƙa'idoji 6 na riƙon bayanan majinyata. Ga zuciyarsu: kada a taɓa bayanin mara lafiya sai da dalili, a ɗauki iya abin da ake buƙata, kuma kada wanda ba ruwansa ya gani. Daga nan aka fara naɗa babban ma'aikaci a asibitocin gwamnatinsu domin tsaron wannan amana, ana kiran muƙamin da sunanta har yau.

Ku lura da abin da ya biyo baya, domin nan hikimar take. Tsoro ya sa wasu ma'aikata suka riƙa hana bayani har ga abokan aikinsu masu jinyar mutumin, majinyaci yana cutuwa. Sai a 2013 ta ƙara ƙa'ida ta 7: isar da bayani ga mai buƙatarsa domin lafiyar majinyaci wajibi ne, kamar yadda tsare shi yake wajibi. Amana takan sa ka yi shiru, takan kuma sa ka yi magana a muhallinta.

Ba ta kuma ji tsoron manya ba. Da asibitin Royal Free na Landan ya miƙa wa kamfanin DeepMind na Google bayanan mutane kimanin miliyan 1.6 domin gwajin wata manhaja ta ciwon ƙoda, ta rubuta a 2017 cewa hujjar da aka kafa ba ta dace ba. A wannan shekarar, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta yanke cewa asibitin ya saɓa doka. Caldicott tana kan aikin tsaron bayanan majinyata har ta rasu a 2021, tana da shekara 80.

Mu ma a Najeriya muna da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023, duk sun tsare sirrin mara lafiya. Amma doka ba ta bin ka ɗakin haihuwa da tsakar dare. Tsoron Allah ne ke bin ka.

Saboda haka, ɗana, kada ka ɗauki hoton majinyaci ka tura a WhatsApp, ko da sunan neman addu'a. 'Yata, kada ki buɗe fayil ɗin maƙwabciyarki don kawai kin ga sunanta. Idan dangin ango suka zo da fara'a suna tambayar sakamakon gwajin amarya, ku ba su haƙuri, ku ce mai shi kaɗai ake ba wa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ranar da mutane suka daina yarda da bakinku, za su ɓoye cutarsu a gida har ta kashe su. Ku riƙe musu sirri domin su ci gaba da zuwa. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.