Amsar Tambaya: Me Ke Cinye Rabin Saƙon Arduino?

Wani mai gyaran famfon sola a Wagini ya haɗa Arduino Uno da SIM800 domin kunna injin rijiya ta saƙon tes, sai saƙon ya riƙa isowa a gutsure.

Galibi laifin delay() ne. Ma'ajiyar karɓar saƙo ta Uno bayit 64 kacal take ɗauka. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, kusan bayit 960 ke kwararowa a daƙiƙa guda, don haka idan delay() ya hana a kwashe ma'ajiyar, kafin ƙiftawar ido ta cika maƙil, saura ya zube. Ga shi tes ɗaya kan kai haruffa 160.

Sai ya cire delay(), ya auna lokaci da millis(), ya riƙa kwashe ma'ajiyar da Serial.read() a kowane zagayen loop(). Faɗaɗa ta ba mafita ba ce sosai, tunda RAM ɗin Uno kilobayit 2 ne kawai.