Ɗalibar Jinya da Fargabar Shiga Ɗakin Majinyata

Tambaya: Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya a Kano. Duk ranar da aka tura mu asibiti gabana yana faɗuwa, hannuna yana rawa wajen allura, barci kuma ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Amsa: Wannan fargaba ruwan dare ce ga ɗaliban jinya, domin karatu da aikin dare da jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya suna haɗe musu lokaci guda. Ba alamar gazawa ba ce.

Ƙwarin gwiwa daga maimaitawa yake zuwa. Ɗaliba ta yawaita gwaji a ɗakin atisaye, ta nemi babbar ma'aikaciya ta tsaya a kanta, ta tambayi abin da ya shige mata duhu ba kunya. Barcin awa 7 zuwa 9, cin abinci kafin aiki, ibada da hira da abokan karatu suna sassauta damuwa.

A guji tiramadol da maganin barci ba da izinin likita ba, a kuma daina ɓoye kuskure.

Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, a ga likita. Idan tunanin cutar da kai ya zo, a nemi taimako nan take.