Ƙaura zuwa birni domin karatun yara: abin da ya kamata uba ya auna

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo ya taso ne daga wata tambaya da ba ta rabuwa da zaurenmu duk shekara idan watan Satumba ya kama, lokacin da hatsi ya nuna, ana kuma shirin komawa makaranta a watan Oktoba. Magidanci yakan zo daga wajen Korgom ko Maijirgi ko Kanembakashe, bayan an gaisa sai ya ce: "Allah ya gafarta Malam, yaron nan ya gama aji shida, amma ko wasiƙa ba ya iya karanta mini. In kwashe iyali in koma Tasawa ko Maraɗi, ko in aika shi wurin ɗan'uwa, ko kuwa in haƙura?" Ba ma ɗaukar wannan tambaya da wasa, domin bayanta akwai gonar gado da za a iya sayarwa, akwai kuma yaro wanda shekarunsa na koyo ba za su dawo ba.

Bari mu fara da faɗin gaskiya game da birni, don kada a ce limamai ba su san komai ba sai kushe shi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa sashen Tasawa da na Mayahi kowannensu yana da mutane fiye da rabin miliyan, amma waɗanda ke zaune cikin garuruwan Tasawa da Mayahi kansu ba su kai ɗaya bisa goma na wannan adadi ba. Sauran duka suna karkara. Alhali kuwa lise da manyan makarantun Faransanci da Larabci da makarantun kuɗi galibinsu a gari suke, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka kafa a 2010 tana Maraɗi, kimanin kilomita 120 daga Tasawa, malamin da ya ƙware kuma yakan yi ta neman a maida shi inda akwai lantarki da likita. Wannan ba sabon abu ba ne. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cikin Muƙaddima cewa koyarwa sana'a ce kamar sauran sana'o'i, tana bunƙasa ne inda jama'a suka yawaita, arziki ya zauna. Saboda haka uban da zuciyarsa ke jansa zuwa birni domin ɗansa bai yi wauta ba.

To amma wane birni zai tarar? A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Wanda ya sayar da gona da ƴan bisashensa ya nufi Maraɗi, ba tsakiyar gari zai sauka ba, inda tsofaffin makarantu masu ginin siminti suke, domin kuɗin haya a can ya fi ƙarfinsa. Zai sauka ne a sababbin unguwannin bayan gari, inda fegi ke da sauƙi, inda ruwa sai an saya wurin ƴan garuwa, makarantar unguwar kuma takan kasance rumfunan zana ne da aka kafa cikin gaggawa saboda yara sun yi wa azuzuwa yawa. Nan ba ƙauye ba ne, balle ya sami rumbu da itace da dangi. Ba kuma birnin da ya yi mafarki ba ne. In yana son makarantar da ya ji labarinta, sai ya biya kabu-kabu safe da rana, ko ya biya makarantar kuɗi, shi kuwa abincin da a da yake ɗiba daga rumbunsa yanzu da tiya yake aunowa a kasuwa. Mun ga magidanta da suka yi wannan ƙaura domin karatun yara, kafin shekara ta zagayo yaran nan su ne ke yawon talla don a sami na cefane.

Wanda ke zaton ajin zana na ƙauye ne kaɗai, ya tuna da ranar 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare cikin birnin Maraɗi, ƙananan yara aƙalla 25 suka rasu. A watan Afrilu na wannan shekarar irin wannan musiba ta ci yara 20 a Yamai, babban birnin ƙasa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. A wancan lokaci hukuma da kanta ta ambaci azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin Nijar.

Haka nan matsalar malamai ba ta tsaya a bakin gari ta gaida kowa ba. A 2017 an yi wa malaman kwantaragi na firamare jarrabawa a ƙasar baki ɗaya, sai aka tarar kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka sami matsakaicin maki. Binciken PASEC na 2014 kuma ya nuna cewa cikin yaran da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Binciken 2019 ya nuna an sami ci gaba, amma har a lokacin mafi yawan yaran ba su kai matsayin da ake so ba. Ba mu kawo wannan don cin mutuncin malamai ba, mu ma alli muka riƙe kafin mu hau mumbari, mun kuma san abin da ake nufi da aji mai cunkoso da albashin da ke makara. Mun kawo shi ne don uba ya gane cewa sunan gari ba ya koya wa yaro baƙi da wasali.

Sai hanya ta biyu, wadda ita ce ta fi yawa a wurinmu, watau a bar iyali a gida a aika yaro shi kaɗai wurin mai masauki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tabbatar cewa ciyar da ɗa namiji da tufatar da shi suna kan uba har ya balaga yana mai iya nema, ɗiya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Wannan wajibi ba ya faɗuwa don yaro ya sauka gidan baffansa ko kawunsa. Amma me muke gani? Ana ɗora yaro ɗan shekara 12 a mota da ƙullin kaya da tiya biyu ta hatsi, a ce ya gaida mutanen gidan, shi ke nan sai hutun ƙarshen shekara. Mai masauki shi ma talaka ne mai nasa ƴaƴa, kunya ce ta hana shi cewa a'a. Sai yaro ya zama shi ne mai ɗebo ruwa, mai kai niƙa, mai jiran shago, ya shiga aji da yunwa, ya kwana a zaure ba fitila. Idan ya faɗi jarrabawa aka kore shi tun a shekarar farko ta koleji, sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Wallahi sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, ya rasa wanda zai tambaye shi da dare: me aka koya muku yau, ka kuma yi sallar isha'i?

Masu kafa hujja da tafiye-tafiyen magabata wajen neman ilimi su duba da kyau. Imamu Shafi'i, Allah ya yi masa rahama, an haife shi a Gazza a shekara ta 150 bayan Hijira, ya tashi maraya, mahaifiyarsa ta kai shi Makka yana ƙarami. Amma ita ta ɗauke shi, ta kuma tsaya a kansa, ba ta ɗora shi bisa raƙumin fatake ta koma ɗaki ba. Tafiye-tafiyen da ya yi shi kaɗai, zuwa Madina wurin Imamu Malik da sauran wurare, sun zo ne bayan ya haddace Alƙur'ani ya yi wayo.

Game da ƴaƴa mata abin ya fi tsanani. Tsoron gidan masauki shi ne ke sa iyaye da yawa a Isawan da Atantane da Hawandawaki da makamantansu cire yarinya da zarar ta gama firamare, ko da ita ce ta ɗaya a ajinsu. Tsoron yana da dalili, ba za mu ƙaryata su ba. A watan Disamba na 2017 hukuma ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16, a 2021 kuma aka buɗe gidan kwanan ƴan mata ƴan koleji a Kelle, cikin jihar Damagaram, domin wannan matsala ta masauki. Amma doka ba ta dafa tuwo, kuma ba kowace karkara ke da irin wannan gida ba. Abin da muke gani daidai shi ne, in babu koleji kusa, iyayen gari ɗaya su haɗa kai su kama gida guda a Tasawa ko Mayahi, su zaunar da dattijuwa amintacciya daga cikinsu tare da ƴan matan, kowane uba ya kawo rabonsa na hatsi tun da kaka. Wannan ya fi a rarraba su gida-gida, ya kuma fi a rufe musu ƙofar ilimi, wanda nemansa wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji.

Ra'ayinmu dai, ga wanda ya nemi shawara, shi ne yaron da bai gama firamare ba kada a raba shi da uwarsa saboda makaranta, sai da lalura. Wanda kuwa ya shiga koleji, in dole ne ya tafi, uba ya je da ƙafarsa ya ga inda zai kwana, ya zauna da mai masauki su yanke abin da zai riƙa aikowa duk wata, a faɗe shi da baki ba a bar shi ga kunya ba, ya kuma san sunan malami ɗaya aƙalla wanda zai riƙa tambaya. Wanda kuma ya ƙudura ƙaura da iyalinsa duka, muna roƙonsa ya ba da aron gonarsa ko hayarta, kada ya sayar, har sai ya shekara biyu a can ya ga kamun ludayin birni.

Kafin duk wannan, akwai awon da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya yi. Ya je makarantar, ta ƙauye ce ko ta birni, ranar da ba a sa ran zuwansa, ya ga ko malami yana nan. Ya ƙirga yaran da ke cikin ajin. Ya buɗe littafin rubutun ɗansa ya duba ko akwai jan biro na gyara, da kwanan watan aikin ƙarshe. Sa'an nan ya sami wani mai karatu ya ba yaron shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta, ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Makarantar allo ma haka ake auna ta, da madarsa. Mu da muka fito daga tsarin madarsa, wanda ya faro a garin Sayi a 1957, ba ma jin daɗin faɗin haka, amma akwai masu allon suna da Larabci a bakin ƙofa waɗanda ɗalibansu ba su sami Larabcin ba, ba su sami Faransancin ba.

In awon ya nuna makarantar garinku ta raunana, to, kafin a ɗaure kaya a tambayi kai me aka yi mata. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da Kojes, da ƙungiyar iyayen yara, amma ranar taro mutum nawa ke zuwa? Malamin da aka turo daga nesa, wa ya ba shi ɗaki mai ƙofa? Garin da ya iya haɗa kuɗi da ƙarfi ya gina masallacin Juma'a ba zai kasa buga tubalin aji biyu da rani ba, don a daina jiran karan kaka kafin a fara karatu, a kuma daina tashi da zarar hadarin farko ya taso. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta ce matan karkara su taso su tare a Sakkwato ba. Ta horar da jajis ne suna kai musu karatu har garuruwansu, su kuma suna zuwa wurinta lokaci-lokaci su koma gida.

Muna kira ga ƴan'uwanmu limamai na sassan nan biyu da su keɓe huɗuba ɗaya kafin a koma makaranta domin wannan batu, su kuma zauna da shugaban makarantar garinsu su rubuta sunayen yaran da za su tafi koleji bana, da sunan wanda kowannensu zai sauka a gidansa. Idan aka yi hutun watan Disamba yaran suka dawo, a sake ɗauko takardar a kira su ɗaya bayan ɗaya.