Fim Ɗin Sarraounia da Kambun FESPACO

1.0 Gabatarwa
Fim mai zaman kansa shi ne wanda mai shirya shi ya nemo jarinsa da kansa, ba a ƙarƙashin wani babban kamfani ba. Irin wannan fim yakan dogara ga bukukuwan baje kolin fina-finai kafin ya yi suna. Wannan darasi zai duba misali guda, wato Sarraounia, wanda Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya fitar a 1986.

2.0 Tushen Labari
An gina fim ɗin a kan ƙagaggen labarin da Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya wallafa da Faransanci a 1980. Jigonsa shi ne turjiyar Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogondutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa da Voulet da Chanoine suka jagoranta a 1899. Wannan runduna ce ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni a wannan shekara.

3.0 Shiryawa da Lambar Yabo
A Nijar aka so ɗaukar fim ɗin, amma hakan bai yiwu ba, sai aka koma Burkina Faso a zamanin Thomas Sankara. Wannan ƙaura ta bar tabo: 'yar wasan Burkina Faso, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harsunan Jula da Faransanci suka mamaye maganganun maimakon Hausa. Duk da haka, a 1987 fim ɗin ya lashe Étalon de Yennenga, kambu mafi girma a bikin FESPACO na Wagadugu. An soma bikin a 1969, kuma Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin kambun a 1972.

4.0 Kammalawa
Kambun biki shaida ce ta gwanintar shiryawa. Ba ya tabbatar da cewa kowane abu da aka nuna haka ya auku. Don haka wajibi ne malami ya rarrabe wa ɗalibai matakai uku: tarihin baka na mutanen Lugu, littafin Mamani, da fim ɗin Hondo. Idan aka cakuɗa su, ɗalibi zai ɗauki ƙirƙira a matsayin tarihi.

Auna Fahimta
1. Mene ne fim mai zaman kansa?
2. Wace asara ake yi idan aka ba da labarin al'umma da harshen da ba nata ba?