Dare a Sidni, rana a Sabelugu

Sabelugu gari ne a arewacin ƙasar Gana, a kan hanyar da ta tashi daga Tamale zuwa Bolgatanga. Garin Dagombawa ne, amma akwai Hausawa a zango, kamar yadda ake samun su a Salaga da Yendi da Bawku. Kakannin da yawa daga cikinsu fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro.

Ranar 31 ga Disamba, yaran wani gida a zango suka taru a ɗakin Kawu suna kallon talabijin. Sai ga wani birni cikin duhun dare. Wuta ja da kore da ruwan ɗorawa tana ta fashewa a sama, bisa wata babbar gada. Mai bayani ya ce nan Sidni ne, a ƙasar Ostireliya, kuma sun shiga sabuwar shekara.

Auta ta leƙa waje, ta ga rana tsaka. Ta ce: "Kawu, na bara ne suka sake sa mana. Yanzu fa ƙarfe ɗaya na rana!"

Kawu ya ce: "A'a, yanzu ake yin sa. Yaya, rufe taga. Auta, kawo mini lemo da tocila."

Kawu ya soka tsinken ashana biyu a jikin lemon, ɗaya nesa da ɗaya. Ya ce wannan Sidni, wancan Sabelugu. Ya haska tocila. Tsinken Sabelugu yana cikin haske, na Sidni yana cikin duhu. Ya juya lemon a hankali, sai haske ya bar wannan ya kama wancan.

Haka duniya take. Tana juyawa daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya cikin awa 24. Da'ira tana da digiri 360, saboda haka duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. Mutanen gabas su ne suke fara ganin rana, su ne kuma suke fara shiga dare. A watan Disamba agogon Sidni yana gaban na Gana da awa 11.

Yara suka ci gaba da kallo, suna tashi suna dawowa. Da ƙarfe uku na yamma Tokiyo ta shiga sabuwar shekara. Da ƙarfe takwas na dare sai Dubai, inda wuta take fita daga jikin Burj Khalifa, benen da tsawonsa ya kai mita 828. Yaya ya tambayi abin da ke ba wutar launi. Kawu ya ce albarushi ne, wanda mutanen Sin suka gano fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Ana cuɗa shi da garin ma'adinai iri-iri. Jan ƙarfe yana ba da shuɗi, sinadarin da ke cikin gishiri kuma yana ba da ruwan ɗorawa.

Barci ya fara kama Auta. Babanta yana Maraɗi wajen fatauci, ya kuma yi alkawarin buga waya da tsakar dare. Ta ce wa Inna ta tashe ta da sha biyu. Ta kwanta, sai kuma ta yi zumbur ta miƙe.

"Kawu, Maraɗi gabas take da mu?"

"Gabas take. Agogon Nijar da Najeriya yana gaban namu da awa ɗaya."

"To, ashe sha biyun Baba sha ɗayanmu ce!"

Ta wanke fuska ta zauna kusa da waya. Da ƙarfe sha ɗaya, ana nuna wasan wutar Faransa, sai waya ta yi ƙara. Baba yana cikin sabuwar shekara, ƴarsa tana cikin tsohuwa, suna gaisawa.

Da sha biyu daidai, babban agogon Landan ya buga. A wannan lokacin ne Sabelugu ma ta shiga 1 ga Janairu. Landan tana da nisa ƙwarai, amma agogonta da na Gana ɗaya ne a watannin sanyi. Ga dalili: a shekarar 1884, wakilan ƙasashe suka taru a Washinton, suka zaɓi wani layi da za a riƙa fara lissafi daga gare shi. Layin ya bi ta Girinwich, wata unguwa a Landan. Ya gangaro kudu, ya ratsa Gana ta kusa da Yendi, ya faɗa teku a Tema. Ba a ganin sa a ƙasa, sai a taswira.

Mutanen Niyu Yok, a Amurka, sai da suka jira har ƙarfe biyar na asubar Gana. Ba wanda ya gan su a gidan, duk an yi barci.

Sabelugu ma tana da nata bikin wuta, sunansa Bugum. Ana yin sa daren tara ga watan farko na shekarar Dagombawa, wanda ya yi daidai da Muharram, watan Cika-ciki. Ana ɗaure busasshiyar ciyawa a kunna mata wuta, a bi gari da kiɗa har bayan gari. Wannan shekara da wata ake ƙirga ta, shi ya sa bikin yake matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara.

Sababbin kalmomi
wasan wuta : feu d'artifice
tsakar dare : minuit
taswira : carte

Tambayoyi
1. Me ya sa Auta ta zaci wasan wutar Sidni na bara ne?
2. Idan ƙarfe bakwai na safe ne a Bawku, ƙarfe nawa ne a Maraɗi?
3. Tsakanin Dubai da Niyu Yok, wace ce take gabas da Gana? Ta yaya kuka gane?

Aiki
Ku samo lemo da tocila, ku nuna wa ƙannenku dare da rana.