Darasi na Tara: Daji, Zinare da Bindiga

Iyayena da yayyena, kafin a buɗe akwati yau, ga wata magana da ta shafi kuɗin da ke cikinsa. Mai karatu ta karanta a hankali don kowa ta ji.

A nan Doka kullum muna ganin motocin gawayi suna shigowa gari. Mu saya, mu ɗora tukunya, ba mai tambayar dajin da aka kashe. To in itace ya ƙare, ruwan sama sai ya wanke ƙasa, gona ta daina bayarwa. Manomi ya ƙara faɗin gonarsa har ya ci burtali. Makiyayi ya zo bai ga hanya ba, shanu su faɗa cikin dawa. Da can mai unguwa ke raba wannan rigima da tarar kuɗi kaɗan. Yanzu bindiga ta yi yawa a hannu, musamman tun bayan rushewar Libiya a 2011.

Sai kuma zinare. A Birnin Gwari da Zamfara, 'yan bindigar da ke fakewa a dazuka irin Kamuku da Kuyambana suna karɓar haraji daga masu haƙa, su sayi makamai da kuɗin. Shi ya sa a watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara. Amma tun kafin nan mata sun riga sun ɗanɗana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gida ake daka dutsen, a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Uwa tana neman na cefane ne, ba ta san guba take niƙawa ba.

Kada a ce abin na nesa ne. A watan Maris na 2021, a kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando, aka kwashe ɗalibai. Ni dai ban ce sare itace kaɗai ya jawo wannan ba. Akwai talauci, akwai zalunci. Sai dai in hanyar Birnin Gwari ta rufe, masara ta yi tsada, wadda ta ci rance don sarin hatsi ta kasa biya, ranar rabo kowa ta ji a jikinta.

Don haka in wata ta nemi rance don sana'ar gawayi, kada a yi mata tsawa, abinci take nema. A zauna da ita a duba ko murhu mai cin itace kaɗan, ko ƙuli-ƙuli, ko renon dashen zogale zai fi mata. Rancen daka dutse kuwa, shawarata kada ƙungiya ta bayar ko kusa.

Yanzu a rabu uku-uku. A tambayi wadda ta fi shekaru: ina burtalin garinku yake a da, me ke wurin yau? Sakatariya ta rubuta amsar a bayan littafi.